Ƙarfen Ɗan Azumi da ya narke

Gyara zama, Sakina, ki riƙe alƙalamin nan da kyau, kuma kada ki gyara mini magana ta koma irin taku ta lekol, ta ƴan boko. Yadda na faɗa haka za ki sa. Labarin Ɗan Azumi ne, na ƙauyenmu a ƙasar Hamdara, mutumin da aka yi shekara talatin da wani abu ba a zuba iri a ƙasa sai an tambayi ƙafarsa ta hagu.

Kafin ƙafar nan Ɗan Azumi ba kowa ba ne. Ba rago ba ne, ba kuma mugu ba. Gona gare shi daidai ta talaka, a kan tudu, da ƴan awaki, da matarsa Talatu wadda ta fi shi baki. In ana shawara a ƙofar mai gari, can bakin tabarma yake zama inda rana ke fara taɓawa, kuma duk lokacin da ya buɗe baki, lokacin ne wani ke tuna yana da tari. Sau da yawa yakan faɗi magana ba wanda ya ji, can an jima wani mai babbar riga ya maimaita ta, a ce madalla da wannan hankali. Ya saba. In ana yabon mai rigar, har shi ma gyaɗa kai yake.

Sai aka shiga babban farin nan, shekarar da aka rufe iyakar Najeriya, muka ci jar dawar taimako har cikinmu ya daina gardama da ita. Ƙasa ta koma kamar an share ta da tsintsiya. Ciyawa babu, kara babu, awaki har tsumma suke tauna. Abin da ya rage kore gawo ne kaɗai, shi da yake fitar da ganye da rani. Gardin daji, ma'aikatan tsaron itatuwa, sun hana a sare shi, to amma akuya ba ta san gardi ba. Wata safiya Ɗan Azumi ya hau wani babban gawo da gatarinsa, yana cikin sassaro rassa sai ya hango ƙurar mota ta nufo gari. Ya ce shi ke nan, gardi ne. Ya nemi hanyar sauka mafi sauri, ya kuwa same ta.

Ashe kamiyon dawar taimako ne. Shi ya tsorata shi, shi kuma ya ɗauke shi, don ƙashin ƙwauri ya karye har ya leƙo waje, maɗorin garinmu kuwa ya kwashe iyalinsa ya yi kudu neman abinci. Da aka sauke buhuna aka shimfiɗa Ɗan Azumi a bayan motar, sai lopital, babban asibitin Zinder.

Can wani lokotoro dogo, wanda ba ya jin Hausa, ya buɗe ƙafar ya jera ƙashin, ya ɗora mishi wani faffaɗan ƙarfe mai huji-huji, ya ɗaure da ƙusoshi, ya ɗinke. Majo, wato babban mai jinya, shi ke fassara. Ya ce, "Lokotoro ya ce wannan ƙarfe baƙo ne a jikinka. In ƙashi ya haɗe, baɗi ko bayanta, ka dawo a cire."

Ɗan Azumi ya ce ko gobe aka ce ya dawo zai dawo, shi me zai yi da ƙarfe.

Ya iso gida dab da damina, yana dogara sanda. Shekarar nan iri ya fi zinariya, kowa ɗan abin da ya ɓoye wa yunwa ne a tulu, in ya tafi babu wani. Ruwan farko na sauka gari ya watse zuwa gona. Talatu ta ce a ba ta irin ta je da yara su shuka. Ɗan Azumi ya ce ina, mace da yara hannunsu a sake yake, za su cika rami da gero kamar masu ba kaji. Ba hangen nesa ba ne, rowa ce da taurin kai. Suka yi faɗa, iri dai ya zauna a tulu.

Sama kuwa ta rufe bakinta. Shuka ta fito kamar tsawon yatsa, ta tsaya, ta yi ja, ta kwanta. Mutane suna zuwa gona su tsaya su duba su dawo. Ana cikin haka wata la'asar Ɗan Azumi yana gindin itacen bedi yana nishi, yana matsa ƙwauri. Tanimu, taubashinsa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ya zo wucewa.

"Kai kuma haihuwa za ka yi?"

"Ƙarfen nan ne ke ja na tun safe, kamar an zuba mishi sanyi."

"To ko ruwa yake jiyowa? Tambaye shi mana, tunda shi ya je birni ya yi karatu."

Aka yi dariya. Washegari aka kece da ruwa kamar da bakin tulu. Ɗan Azumi ya fita da sanda a hammata, Talatu na sara da sungumi yana binta yana jefa iri ƙwaya-ƙwaya. Da kaka ta yi, rumbunsa ne kaɗai a unguwarsu ya ga dami na kirki.

Daga nan magana ta tashi. Wani ya ce ai abin a fili yake, rediyo ma in ba a ja ƙarfenta sama ba ba ta kama komai. Wani ya ce Nasara ba ya ƙera abu don aiki ɗaya. Tanimu ya yi ta rantsuwa cewa shi fa wasa yake yi, aka ce Allah ne ya matsi bakinsa. Har ya tsufa yana nadamar wasan nan. Liman ya tsawata, ya ce ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi ranar da Ya so. Aka ce haka ne, malam, ai ba a ce ƙarfe na kawo ruwa ba, ji kawai yake yi. Liman ya girgiza kai ya wuce masallaci. Amma duk shekara in lokacin shuka ya yi, sai ka ga matarsa ta je aron rariya wurin Talatu, ta daɗe ba ta fito ba.

Ga yadda ake yi. In ruwan farko ya sauka, maza su fita bayan gari, kowa ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai, yadda kakanninmu suke yi. Sai a yi ta gardama, wannan ya ce ta isa, wancan ya ce ruwan yaudara ne. In an gaji sai a tattaru a ƙofar mai gari Sallau. A kifa turmi. Ɗan Azumi ya zo yana ɗingishi, ya zauna a tsakiyar tabarma, ya ɗora ƙafa a kan turmin, ya lumshe ido. Ba mai tari. Can sai ya ce a shuka, ko ya ce a dakata. Da kaka kuma kowa ya aika mishi ɗan abin da ya sawwaƙa, mai zangarniya, mai wake, mai goro.

Kar ki ce ƙarya yake yi. Ƙafar tana ciwo da gaske. Takan yi ciwo kafin ruwa. Takan kuma yi ciwo kafin iska, da ranar da ya taka zuwa kasuwa, da ranar da dangin Talatu suka zo kwana. Shi kansa bai san wanne ne wanne ba. Wata shekara ya dace, wata ya kuskure, kamar dai kowane tsoho. In ya dace a ce ƙarfe. In ya kuskure a ce ya zauna kusa da wuta ne ƙarfen ya yi zafi, ko a ce wani ya yi magana lokacin da yake saurare.

Majo ya aiko ta bakin ƴan kasuwa cewa mai ƙarfen nan ya zo a cire. Ɗan Azumi ya ce a gaishe shi da aiki. Majo ya sake aikowa. Wannan karon mai gari ne ya amsa, ya ce a gaya wa lokotoro ƙarfe ya saba da mu, mu ma mun saba da shi.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Ya aurar da ƴaƴa, ya sayi babbar riga, har sulhun aure aka fara kiransa, ko da yake ba wanda ya taɓa cewa ƙarfe na jin wannan. Ƙafar kuwa kullum ƙara lalacewa take. Wajen ɗinkin ya yi baƙi, wani lokaci ya fashe ya yi ta zubar da ruwa. Talatu ta wanke, ta ɗaure, ta ce, "Malam, mutane suna kiwon awaki su sha nono, kai kana kiwon gyambo." Ya ce ita ba ta san matsayi ba.

To a ƴan shekarun nan da damina ta sake rikicewa, wata rana da sanyi ya taka bakin rijiya inda aka zubar da ruwa, santsi ya kwashe shi, idon sawun wannan ƙafar dai ya tsage. Ɗansa Mutari, da ke sayar da kayan moto, wato babur, a Zinder, ya zo ya ɗauke shi bai tsaya jin ta bakin mai gari ba.

Wannan karon lokotoron mace ce, Fanta, ƴar unguwar Birni ta cikin Zinder, ba ta buƙatar mai fassara. Ta ɗaga hoton ƙashin a haske ta daɗe tana kallo.

"Baba, wa ya bar maka wannan a ƙafa? Ai ya girme ni."

"Ajiya ce, ƴata. Ki gyara ƙasan ki bar saman yadda kika gan shi."

"Ba zai yiwu ba. Ƙusoshin sun saki, ƙashin da ke ƙarƙashi yana ruɓewa. In na bar shi, baɗi ba ƙarfe za a cire ba, ƙafar za a cire."

Ya shafa ƙwaurin. Can ya ce to in an cire tsohon, ai za a sa sabo a idon sawun ko? Ta ce za a sa. Ransa ya ɗan kwanta. Sai ta yi murmushi irin na mai albishir, ta ce ya ma yi sa'a, wasu baƙin likitoci sun zo da wata sabuwar ƙusa, ta dace da irin karayarsa, kuma da ita ba sai an sake yanka shi ba. Ta faɗi sunan ƙarfen. Magneziyom, ko ba haka kuke cewa ba? To sa shi. Ta ce an gauraya shi da wasu ƙarafa kaɗan, yadda maƙeri ke haɗi, don ya riƙe ƙashi har ya warke. Bayan nan sai ruwan jiki ya yi ta cin sa a hankali, ƙashi yana cike gurbin, har a wayi gari babu shi.

"Babu shi kamar yaya?"

"Ya narke, Baba. Jiki ya san shi, akwai irinsa a cikin wake da ganye. Abin da ya yi yawa ya fita da fitsari."

"Wato wake za ki cusa mini a ƙafa."

Ta yi dariya, Mutari ma ya yi. Shi bai yi ba. Ya ce shi mutumin ƙauye ne, bai cancanci kayan zamani ba, a ba wani babba, shi a sa mishi irin na talakawa mai zama. Ta ce ƙashinsa ya sha wahalar ƙarfe mai zama, kuma a shekarunsa ba ta son ta yanka shi sau biyu. Mutari ya ce a yi yadda lokotoro ta ce. Aka yi. Da ya farfaɗo, Fanta ta miƙo mishi tsohon ƙarfen a leda, ta ce ga abokin zamansa. Ta kuma gaya mishi cewa in wurin ya ɗan kumbura ya ji kamar iska a ƙarƙashin fata, kada ya tsorata, ƙusar ce ke fitar da ita in tana narkewa, za ta baje da kanta.

A hanyar gida ya sa Mutari ya yi alkawari ba zai gaya wa kowa ba. Mutari ya cika alkawari, uwarsa kaɗai ya gaya wa.

Gari kuwa abin da ya ji shi ne an canza wa Ɗan Azumi ƙarfe, an sa mishi sabon yayi daga Turai. Murna ta tashi. Aka ce dama tsohon ya fara nauyin ji. Da bazara ta yi, idon sawun ya ɗan kumbura, wani ya latsa ya ji iska na motsi a ciki. Kafin azahar labari ya gama gari, wai sabon ba ji kaɗai yake ba, har hadarin yake tarawa a gani da ido. Shekarar nan har daga wajen Garagumsa ake bugo waya a tambayi me ƙafa ta ce. Shi kuwa yana zaune a tsakiyar tabarma, kowa na kallon kumburin da sha'awa, shi kaɗai ya san ƙusarsa ce ke tafiya.

Abin ya hana shi sukuni. Ba zangarniya da goro yake ji ba. Bakin tabarmar nan yake tunawa, da tarin mutane.

Wata rana da aka kai shi a duba ɗinki, ya ce wa Mutari zai gaida wani tsohon sani a Birni. Ya bi lunguna cikin rairayi har rumfar Idirisu mai zubin tukwane. Bayan gaisuwa ya ce, "Idirisu, wai me ke cin ƙarfe ne?"

"Tsami. Kanwa. Gishiri. Uwa uba laima. Bar nono mai tsami ya kwana a tukunya ka gani."

"Me kuma ke tsare shi?"

"Mai. Ka shafe shi, ka ajiye shi a busasshen wuri, jikanka ma sai ya gada. Tukunya za ka saya?"

"A'a, wata gare ni a gida nake lallaɓawa."

Tun daga ranar Ɗan Azumi ya bar kunun tsamiya, shi da ba ya karya kumallo sai da shi. Ya bar fura da nono. Ya hana a sa mishi kanwa a miya, gishiri ma sai ɗan taɓawa. Ruwa sai maƙogwaro ya bushe yake kurɓa. Kullum ya shafe idon sawu da man gyaɗa ya naɗe da tsumma ya sa safa, har ƙudaje suka san shi. In zai yi alwala sai ya shafa a kan safar, rani da damina, har liman ya kira shi gefe ya ce shi bai taɓa ganin sanyin da ya kai watan azumin bazara ba. Talatu kuwa tukunya biyu take ɗorawa.

"Malam, wai ni wa nake dafa wa, kai ko ƙusa?"

"Ke dai yi abin da aka ce."

"To ka tambaye ta ko tana son yaji."

Damina biyu aka yi a haka, duka biyun ba su yi kyau ba. Ruwa ya fara da kyau ya ɗauke lokacin da gero ke fitar da kai. Ba wanda ya ga laifin ƙafa, don ita shuka aka tambaye ta, ba ƙarshen damina ba. Amma rumbuna sun yi ƙasa, aka fara taɓa iri ana ci. Ɗan Azumi ya rame, wuya ya yi tsawo. Wata rana da zafin bazara ya tashi daga masallaci jiri ya kwashe shi. Mutari ya sake zuwa da mota.

Fanta ta sa mishi ruwa a jijiya, ta ji labarin kunu da kanwa daga bakin Talatu, ta riƙe baki. Ta ce, "Baba, ko tekun tsamiya ka sha, ko ka bar ruwa sam, ƙusar nan tafiyarta take yi. Ba ta cikinka take bi ba." Ta sa aka ɗauki hoton ƙafar. Da aka kawo ta ɗaga a haske, fuskarta ta washe, har ta kira abokan aikinta su zo su gani.

"Duba nan. Ka ga wani abu?"

"Ban ga komai ba."

"To ai shi ne. Babu komai, sai ɗan alamar inda ta zauna. Ƙashinka ne kawai daga sama har ƙasa. Ka warke, Baba. Yaushe rabon da ta yi maka ciwo?"

Ya yi tunani. Ya ma manta. Gyambon ya rufe tuntuni, ɗingishin da yake yi na sabo ne. Shekara talatin da wani abu bai taɓa jin daɗin ƙafa kamar yanzu ba, kuma bai taɓa jin baƙin ciki kamar na ranar ba. Likitoci suna ta yi mishi barka, yana amsawa kamar mai karɓar ta'aziyya.

Bai daɗe da dawowa ba ruwan farko ya sauka, ba babba ba, ba kuma ƙarami ba, irin wanda ke raba kan gari. Da safe maza suka fita suka tona, suka yi gardama, suka taru a ƙofar mai gari, ɗan Sallau, don shi Sallau ya riga mu gidan gaskiya. Aka kifa turmi. Kowa ya san irin da ya rage na shuka ɗaya ne.

Ɗan Azumi ya zauna ya ɗora ƙafa ya lumshe ido. Ya saurara. Shiru. Ƙafa lafiya lau, kamar ta yaro. Ya matsa ta a ɓoye ko za ta ce wani abu, ba ta ce ba. Da can in ya faɗi magana, ko daidai ko kuskure, akwai ciwon da yake jingina da shi. Yau babu, kuma ga mutane sun zuba mishi ido da ɗan abin da ya rage musu a tulu. Ya sauke ƙafar daga turmi.

"Ranka ya daɗe, babu ƙarfe."

"Bai yi magana ba tukuna?"

"Babu shi ne. Irin mai narkewa ne aka sa mini. Ya narke. Na ga hoton da idona, ƙashi ne kawai irin na kowa."

Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai. Ya fara tattara rigarsa, yana duban bakin tabarma inda rana ta riga ta kai. Sai wani dattijo ya ce, "Tsaya. Ya narke ya tafi ina?"

"Cikin jiki, in ji lokotoro."

"Cikin jini ke nan."

"Haka ta ce. Saura kuma ya fita da..."

Ba a bar shi ya ƙarasa ba. Dattijon ya juya ga jama'a ya ce to ai gishiri ma in ya narke a miya ba a cewa babu shi, sai dai a ce ya game tukunya. Da ƙafa ɗaya ce ke ji, yanzu mutumin ne gaba ɗaya. Aka ce wallahi haka ne. Wani ya ce shi dama ya lura tun bara idonsa ya canza. Tanimu, da ya tsufa har ba ya tashi sai an kama shi, ya ce, "Jama'a, mutumin nan fa ya ce muku babu." Aka ce Tanimu dai har gobe hassada.

Mai gari ya ce, "To Baba, ba sai ka ɗora ƙafa ba. Me ka ji?"

Ɗan Azumi ya dubi Tanimu, Tanimu ya ɗaga kafaɗa. Sai ya tashi ya fita bayan gari, jama'a na bin sa, ba ɗingishi. Ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu, kamar yadda kowannensu ya yi da safen nan. Laima ta wuce yatsu kaɗan, ƙarƙashi busasshe. Ya dubi gawo, bai gama zubar da ganye ba. Ya ce, "Ni dai a ganina, a dakata."

A ganina. Rabonsa da faɗin wannan kalma a gaban mutane tun kafin ya hau gawon nan. Ba wanda ya yi tari.

Aka dakata. Bayan ƴan kwanaki ruwa ya zo sosai, aka shuka, aka samu daidai gwargwado, tsuntsaye suka ci rabonsu. Ƙauyen da ke gabas da mu, su da suka shuka a ruwan farko, kusan abin da suka samu ke nan su ma, amma ba wanda ya je ya gwada rumbu da rumbu.

Ranar da ya dawo daga bayan garin nan ya ce wa Talatu ta dama mishi kunun tsamiya, ta cika ƙwarya. Ta ce, "Ba ka tsoron ka narke gaba ɗaya?" Ya shanye ya nemi ƙari.

Ya yi ƴan shekaru bayan nan a tsakiyar tabarma, yana faɗin abin da ya gani, wani lokaci daidai, wani lokaci a'a. Da ya rasu, waɗanda suka ɗauki makara sun dawo suna cewa sun ji nauyi na daban. Ni ina cikinsu. Ƙashi da fata ne, ko buhun ƙaiƙayi ya fi shi.

Yanzu ƙarfe ba ya wuya a garinmu. Tun da samari suka samu moto, mutum huɗu gare mu masu ƙarfe, biyu a cinya, ɗaya a ƙwauri, Ali ɗan maƙwabcinmu har a kafaɗa, duk irin mai zama. In ruwan farko ya sauka kowanne da abin da nasa ke cewa, kowanne da masu binsa, sai ka ga wannan gona ta yi kore waccan ba a ko sare ta ba. Dattawa na cewa ƙarfen yanzu ba shi da albarka.

Tsohon kuwa, na ainihi, wanda ya yi shekara talatin yana ba mu ranar shuka, yana nan gidan Talatu. Da shi take kankare ƙanzon tuwo. Ta ce huji-hujin nan ne kawai matsalarsa, tuwo na maƙalewa. In kin je gaishe ta ki duba bayan murhu. Ajiye alƙalamin haka nan, ki miƙo mini butar can.